Masarar da Tumirah Ta Zana

Duk wanda ya taɓa sauka daga motar kasuwa a mararrabar Tlogowangi ya san Wagiran. Ko bai san sunansa ba, ya san hayaƙinsa. Shi ne dattijon nan mai gasa masara a gindin gada, gajere, mai manyan kunnuwa, wanda mafici ba ya barin hannunsa ko da wutar ta mutu. Yara suna ce masa Mbah Giran, wato kaka, sa'o'insa kuma Kang Giran, wato yaya. Ya haura sittin, kuma in ka cire 'yan watannin da ya yi yana dakon siminti a birni lokacin samartaka, duk shekarun nan a bakin wannan hanyar ya cinye su.

Mutumin kirki ne, wannan babu mai musu. Ba ya sayar da masarar jiya a ce ta yau ce, ba ya ƙyashin barkono, kuma in mahaukaciyar kasuwa ta tsaya a gabansa sai ya zaɓa mata mai laushi. Amma Allah ya ɗora masa abu guda: ba ya ɗaukar tsokana. Ka ce masa ba zai iya ba, to ka gama da shi. Yana yaro aka ce ba zai iya hawa kwakwar gidan liman ba, ya hau har ƙoli, ya kasa saukowa, sai da aka je garin gaba aron tsani. Mutane suna ba da wannan labari ana dariya. Ni dai na daina dariyarsa, don furfura ta zo ta same shi yana nan yadda yake.

Matarsa Tumirah ce kaɗai ta san maganinsa. Kafin aurensu ta yi aiki a wani gidan rini a birni, tana zana furanni da narkakken kakin zuma a jikin farin yadi, daga safe har yamma, har hannunta ya saba da layin da bai kai gashin kai kauri ba. Ba ta zo gidansa da gado ko kabad ba. Abin da ta zo da shi ƙyauren tsohon rumbun mahaifinta ne, katako mai nauyi irin wanda gara take gani ta kauce. Da suka kafa teburin masara, sai ta wanke ƙyauren, ta goge shi da yashi, ta zauna a tsakar gida ta zana masara guda ɗaya a jikinsa, an yaye ɓawonta zuwa rabi, gemunta yana lilo. Ƙwaya ƙwaya ta bi ta. A cikin ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa ta sa guda ɗaya ja.

"Wannan fa?" in ji Wagiran.

"Kai ne, Pakne," ta ce, haka take kiransa tun da ta haifa masa 'yarsu. "Kowa ya bi sahu, kai ka fita daban."

Ba ta rubuta komai a jiki ba. Ta ce mai jin yunwa ba karatu ya zo yi ba. Ƙasan allon ta bar shi fili, katako tsura. Kuma allon ya yi musu ciniki, don direbobi daga nesa suke hango shi su rage gudu. Kowace shekara a ƙarshen azumi sai ta sauke shi, ta wanke masa hayaƙi, ta sake bin ƙwayoyin da sabon fenti, jar nan ita ce ta ƙarshe. In Wagiran ya ɗauko rigima da wani a kasuwa, ba ta yi masa faɗa. Yatsa kawai take ɗorawa a kan jar ƙwayar, ta ci gaba da ɓare masara, shi kuma ya yi ta gunaguni har ya huce.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Bayan girbin shinkafa ta kwanta, kafin a sake shuka ta riga mu gidan gaskiya. 'Yarsu ta zo daga tsibirin da take aure, ta yi kwanakin zaman makoki, ta raba zannuwan uwarta ga dangi, ta koma. Hoton Tumirah guda ɗaya ne a gidan, na katin shaida, ta ɗaure fuska kamar an kama ta da laifi, bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Saboda haka allon nan shi ne abin da ya rage wa Wagiran. Kullum da safe kafin ya hura gawayi sai ya goge shi da gefen zanen da ya ɗaura, ya ce a hankali, "Mun fito, Bune." Haka yake kiranta, wato uwar 'yarsa. Fentin ya fara kodewa, amma bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu ba.

Ana nan sai zaɓen dagaci ya zo. A garinmu ba hoton ɗan takara ake dangwala wa ba, amfanin gona ne. Masu neman kujerar suna sa hannu a tulu a gaban jama'a, kowa ya ɗauko alamarsa. Haji Mukidi, dillalin taba mai motoci, ya ɗauko rogo. Pak Guru Harjono, malamin makarantar da ya yi ritaya, ya ɗauko masara. Akwai na uku da ya ɗauko kwakwa, amma shi ko matarsa ba ta ɗauke shi da gaske ba.

Kwamitin zaɓe ya sa aka karanta dokoki a lasifikar masallaci. Duk fasta sai an kai ta an buga mata hatimi, a biya kuɗin hatimin. Ba a kafawa a jikin itace, ko turken wuta, ko bangon makaranta da masallaci, sai a filin da aka ware a gaban zauren gari, ko a katangar gidan mutum. In kuma kwanakin shiru suka kama, wato 'yan kwanakin nan na gab da jefa ƙuri'a, dole komai ya sauka, wanda aka samu a sama a kwashe. Kowa ya ji. Wagiran ma ya ji, don gidansa a bayan masallacin yake.

Kafin mako ya zagayo gari ya cika da rogo. Haji Mukidi ya sa an bugo masa fastoci na leda a birni, manya kamar tabarma, kowacce da hatiminta, ya cinye filin zauren gari, ya bi gidajen mutanensa ya rufe katangu. Pak Guru kuwa 'yan takardu ya yi, baƙi da fari, ruwan farko ya wanke su.

Wagiran yana son Pak Guru, don shi ya koyar da 'yarsa, amma ba son da zai hana shi barci ba. Abin da ya tayar da shi Sarpan ne, ɗan acaɓan da yake zama a rumfar kofi ta tsallaken hanya, yaron Haji, bakinsa kamar reza.

"Kang Giran," ya ƙwalo masa wata safiya, rumfar cike da mutane, "ɓera ne ya shiga rumbunku? Na zaga gari kaf ban ga masara ko ɗaya a bango ba."

"Masara a ciki take zama, ba a bango ba," in ji Wagiran yana fifita.

"A'a, faɗi gaskiya dai. Malaminku fansho bai fito ba. Ku yi masa karo-karo mana, ko ta girman tafin hannu a bugo. Ko kuwa ku ma talaucin ne? In ka ga dama in roƙar maka Haji guntun leda, ka rufe teburinka in ana ruwa."

Aka yi dariya. Ba wata dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi a sha kofi a manta. Wagiran ne bai manta ba. Washegari ya hau mota ya tafi birni shagon masu buga fasta. Yarinyar shagon ta danna na'ura ta faɗa masa kuɗin, ya ga cinikin mako ne da ɗoriya, ban da hatimi, ban da gora da igiya. Ya ce zai dawo, ya fito yana share gumi.

Da ya iso gindin gada ya zauna, sai idonsa ya faɗa a kan allon. Ga masara, wadda babu injin birni da zai iya fitar da irinta. Ga fili a ƙasa. Ya tafi gida ya lalubo gwangwanin baƙin fentin Tumirah, ya bushe ƙamas, ya zuba masa kananzir ya dama. A aji uku ya bar makaranta, don haka haruffan suka fito wani na jingine da wani kamar masu dawowa daga biki: ZAƁI WANNAN. Ya aro tsani, ya hau tsamiyar da take tsakiyar mararraba, ya kafa allon da ƙusoshi masu tsawon yatsa, can sama inda babu mai wucewa bai gani ba.

Kuma fa ya yi kyau, wannan ne abin haushin. Masu babur suna tsayawa su ɗaga kai. 'Yan makaranta suna ɗaukar hoto da waya. Rogon Haji duk girmansa sai ya koma kamar tallan taki. Wagiran yana zaune a teburinsa da babu allo, yana ta zuba wa mutane barkono ba awo. Pak Guru da kansa ya zo a kan kekensa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Hannun marigayiya ke nan. Na gode, Kang. Amma an buga masa hatimi kuwa?" Wagiran ya ce hatimin me, katakonsa ne, ƙusarsa ce. Pak Guru ya yi ɗan murmushin da bai kai ciki ba, ya hau kekensa.

Wanda ya zo da maganar sosai Parjiyo ne, ƙanin Tumirah, ɗan sintirin gari, mutum mai sanyin magana wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ya zo da koren kakinsa, ya zauna a kan bencin, ya ƙi karɓar masarar da aka miƙa masa.

"Kang, a sauke allon nan. Jibi kwanakin shiru za su kama."

"Tsamiyar nan kakana ne ya dasa ta, Dik. Tambayi duk wani tsoho." Dik yake ce masa, wato ƙani.

"Na sani. Amma dubi gindinta, an shafa mata farin fenti an sa mata lamba. Tun da aka yi kwalta ta zama ta hanya. Kuma bana ba mu za mu yi kwasar ba, daga gunduma za a turo mutane da mota, don kada a ce mun yi son kai. Ba su san ka ba, ba su san Mbakyu ba." Haka yake kiran yayarsa har bayan ranta.

Wagiran ya ci gaba da juya masara.

"Ni zan kawo tsanin," in ji Parjiyo. "Ni zan hau. Mu kankare rubutun, ya koma teburinka, babu mai cewa komai. Ko ka kafa shi a katangar gidanka zuwa jibi. Ba naka ne kai kaɗai ba, Kang. Ni ma in na wuce ina kallonsa."

Maganar ta shige shi. Har ya ajiye mafici, abin da ba ya yi, ya buɗe baki zai ce to. Daidai nan Sarpan ya rage gudu da baburinsa, ya dubi kakin Parjiyo, ya dubi Wagiran, ya washe baki.

"Har an zo kamun? Sauke abinka, Kang, tun kafin su ɗaure tsoho. Dama mun yi caca a rumfa ba zai kai ranar zaɓe a sama ba."

Ya ja babur ya wuce. Wagiran ya ɗauki maficinsa.

"Yana nan har a ƙirga ƙuri'a," ya ce.

Parjiyo ya yi magana, ya sake yi, har ya haɗa shi da Allah. Wagiran ya yi kunnen uwar shegu. Da mai ɗora yatsa a kan jar ƙwaya tana nan, da zancen bai kai haka ba. Amma allon yana saman tsamiya, ita kuma tana maƙabarta.

Ranar da motar gunduma ta zo, Wagiran ya hau tudu sayen masara a gonaki, Parjiyo kuma an tura shi can ɗaya gefen garin. Mutanen Haji tun jiya suka naɗe ledojinsu, za su rufe taba da su in damina ta yi ƙarfi. Baƙin suka bi hanya suna tsinke abin da ya rage. Da suka zo tsamiya ƙusoshin suka ƙi fita, suka sa ƙarfen ɓalle taya suka ɓamɓaro allon, suka jefa shi bayan mota tare da gora da tsummoki. Ba su yi laifin komai ba, aikin da aka turo su ke nan. Wagiran ya dawo da azahar da buhu a kai, ya ɗaga ido, ya ga ƙusoshi a tsaye cikin ɓawon itace.

A nan ma da sauran dama. An zube kayan a bayan zauren gari, kusa da madafa, kuma Parjiyo ya je ya tono allon daga cikin tulin, ya tarar ya tsage kaɗan a gefe amma masarar lafiya lau. Ba shi da ikon fita da shi, sai ya jingine shi a ƙarƙashin rufin kwano don kada ruwa ya taɓa shi, fuskarsa na kallon bango. Ya zo ya ce wa Wagiran ya je wurin shugaban kwamiti ya ba da haƙuri, ya biya 'yar tarar, za a ba shi abinsa. Wagiran ya sa rigar Juma'a ya tafi. Yana isa ya hango Sarpan da abokansa a zaune a bakin ƙofar zauren suna shan taba. Sai ya wuce kai tsaye kamar dama masallaci za shi. Ya ce a ransa ranar zaɓe, in hankalin kowa ya tafi ga akwati, zai zagaya ta baya.

Ya manta abin da duk ɗan garin nan ya sani. Gora da katakon da aka kwashe a kwanakin shiru, da su mata suke dafa abincin 'yan kwamiti da masu gadi ranar zaɓe. Haka ake yi tun zamanin kakanni, don kada a ce an ɗauki itacen wani ɗan takara. Shi kansa Wagiran ya sha cin wannan shinkafar. Ko dai ya manta, ko ya ƙi tunawa.

Aka kwana biyu ana ruwa. Ranar zaɓe gari ya waye tas. 'Yan takara suna zaune a kan dandamali cikin manyan kaya, an ɗaure wa kowa amfanin gonarsa a bayan kujera, mutane sun yi dogon layi. Wagiran ya jefa ƙuri'arsa, ya zagaya ta bayan zauren. Tun kafin ya sha kwana ya ji warin fenti. Shekara da shekaru yana jin wannan warin a tsakar gidansa a ƙarshen azumi, sai dai wannan karon da ƙauri.

Yu Painem ce shugabar masu girki, ƙawar Tumirah tun suna 'yan mata. Tana tsaye a kan tukunya tana share hawayen hayaƙi.

"Yu, akwai wani allo da aka jingine a nan."

"Wane allo? Gorar nan duk ta sha ruwa, tun safe muke fama. Sai da na sa mai gadi ya faskara mana wancan tsohon ƙyauren na jikin bango, shi kaɗai ne busasshe. Katako ne mai kyau, Kang, ka ga yadda yake ci."

Wagiran ya durƙusa ya leƙa murhun. Babu abin da za a gane, sai wani ɓangare da fenti yake tafasa a jikinsa yana yin baƙi. A gefe akwai guntu ɗaya da ba a kai ga sawa ba, a kife. Ya juya shi. Ƙasan allon ne, da haruffansa karkatattu, babu ko ƙwayar masara ɗaya a jiki.

Yu Painem ta dubi guntun, ta dubi murhun, sai ludayin ya suɓuce mata. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ce, "Wallahi a kife ya kawo mana su, Kang. Ban juya ba." Wagiran ya ce ba komai, Yu, ba laifinki ba ne. Wata yarinya da ba ta san abin da ake ciki ba ta miƙo masa shinkafa a ganyen ayaba, ya karɓa don bai san yadda zai ƙi ba, ya tsaya riƙe da ita har ta huce.

Masara ce ta ci zaɓen, da ɗan rinjaye. Aka yi ta kiɗa har magariba. Sarpan bai yi mako ba ya dawo teburin, ya sayi masara biyu, ya ce, "Allonku ya yi aiki fa, Kang," ya ma manta da cacar da ya ce sun yi. Sabon dagaci da ya ji labari ya sa aka bugo wa Wagiran fasta ta leda a birni, da hoton masara mai sheƙi da sunansa a ƙasa. Wagiran ya yi godiya ya rataya ta, direbobi ma suna tsayawa. Parjiyo bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Sai dai ya daina zama a bencin, in ya zo wucewa ya ɗaga hannu daga nesa, idonsa a kan hanya.

Guntun katakon yana ƙarƙashin ƙafar teburin, an tokare gurguwar ƙafar da shi, rubutun yana kallon ƙasa. A ƙarshen azumin da ya biyo baya Wagiran ya sayi fallen katako da fenti, ya zauna a tsakar gida inda take zama, ya ce zai gwada. Ɓawon ya fito kamar kunnen jaki, wannan bai dame shi ba, dama ya san hannunsa. Da ya zo kan jar ƙwayar ne ya tsaya da burushi a sama. Fiye da rabin rayuwarsa yana kallon allon nan kowace safiya, amma ya rasa a wane sahu take. Ya rufe ido, ya ga yatsan Tumirah, bai ga inda ya sauka ba.

Har yau in tsohon direba ya tsaya sayen masara, Wagiran yakan ba shi ƙari, sannan ya yi kamar maganar ta faɗo masa ne kawai, ya tambaye shi ko ya tuna allon da yake nan a da, jar ƙwayar nan ta sama take ko ta tsakiya. Yawancinsu suna tuna allon. Babu wanda ya taɓa lura akwai ja a ciki.